Shekarar da Baba Akawu Ya Riƙe Hannun Gem

Ku da kuke wucewa ta ƙofar shagona kuna cewa Lawal ya samu sana'ar hutu, yana zaune ƙarƙashin fanka yana danna roba, ku samu benci ku zauna. Na fi shekara ashirin ina riƙe da gidan gem a Kankia, tun ana yi da talabijin mai ƙaton baya, wadda sai mutum biyu sun kama ake ɗaga ta. Kuma har yau akwai abin da in na tuna sai na riƙe baki.

Aikin farko da ubangidana ya ba ni shi ne buɗe hannu, wato abin nan da ɗan wasa ke riƙewa yana dannawa. Sunan ubangidan nawa Ɗanlami Rediyo. Gyaran rediyo ne sana'arshi a bakin tasha, kuma shi ya fara kawo na'urar gem unguwarmu. Na je wurinshi gemuna ya fara fitowa, ina zaton zai ce in zauna in buga. Sai ya miƙo mani mataccen hannu da 'yar ƙaramar sukudireba.

"Kwance shi," in ji shi. "In sukuru ɗaya ya ɓace, ka kama hanyar gida."

Wata uku na yi ban buga wasa ko ɗaya ba. A ƙarƙashin kowane madanni akwai roba mai laushi, a tsakiyarta akwai ɗan baƙin ɗigo, shi ne ke taɓa allon ciki ya kai saƙo. Gumi da maiƙon ƙosai su ke fara kashe shi, sai a goge da auduga da sifirit. In ɗigon ya suɗe, sai a yanko farar takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, a manna da gam. In waya ta tsinke daga wuya, sai dalma. In na'ura ta ƙi karanta faifai, a goge idonta, in ta ƙara ƙi a kifa ta a kan bayanta, sau da yawa sai ta tashi. Wanda bai iya waɗannan ba, ba mai gidan gem ba ne, mai gadi ne.

Sai bayan nan ya koya mani wasan faɗa. Mutum biyu ne a talabijin, kowa da nashi, kowa da layin jininshi a sama. Wanda jininshi ya fara ƙarewa ya faɗi. Ƙwarewa ita ce haɗi: ka jera naushi da shuri da tsalle a kan tsari, ɗaya na kama ɗaya, abokin faɗa bai samu sararin motsi ba. Dokar gida kuwa, wanda ya ci shi ke zama, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na baya. Shi ya sa dole mai gida ya fi kowa. In wani ya kafe a benci ya hana jama'a wasa, kai za ka zo ka tashe shi. In ka kasa, gida ya zama nashi.

Da na buɗe nawa shagon kusa da kasuwa, ba wanda ke tashe ni. Ina da wani haɗi mai tsawo da na yi wata biyu ina koyo, in ya shiga rabin jinin mutum ya tafi. Mai bi mani shi ne Mansur, ɗan acaba daga Kusada, magidanci mai 'ya'ya biyu. Duk ranar kasuwa in ya sauke fasinja sai ya biyo mu gwada.

Wata ranar kasuwa da damina, bayan azahar, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Sai ga Mansur ya shigo a jiƙe, riƙe da hannun wani dattijo siriri mai farar riga da hula zanna. Kawunshi ne, Malam Haruna, wanda ake kira Akawu domin shekara talatin ya yi yana buga tafireta a ofis a Kusada kafin ya yi ritaya. Sun fake ne kawai. Na share mashi benci, muka gaisa.

"Mi ake yi a nan da ihu haka?" in ji shi.

"Wasa ne, Kawu. Ga shi, taɓa ka ji," Mansur ya faɗa yana dariya, ya ɗora mashi hannu a cinya.

Dattijon bai riƙe shi yadda muke riƙewa ba. Ya kwantar da shi a gwiwa, ya naɗe hannun riga, ya shafa madannan ɗaya bayan ɗaya da kan yatsa. Sannan ya jera yatsunshi a kai. Da aka fara, sai muka ji wata ƙara da ba mu taɓa ji a shagon ba, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, ba tsayawa, ba numfashi. Bai san gaba ba, bai san baya ba, bai san tarewa ba. Dannawa kawai yake yi.

Mansur ya ɗaga mashi ƙafa a zagayen farko saboda girma, aka ci shi, aka yi dariya. A na biyu na ga ya gyara zama. Aka sake cin shi. Dariyar ta ragu. Wani tela ya karɓa, aka ci shi. Wani malamin firamare da ke alfahari da tsalle ya karɓa, bai kai minti ɗaya ba. Ruwa ya ɗauke, ba wanda ya fita. Sai idanu suka juyo kaina.

Na zauna da niyyar in gama da shi cikin ladabi. Na matsa zan fara haɗina, sai wani ɗan naushi marar kan gado ya tare ni. Na sake, shuri ya same ni. Na yi tsalle in sauka bayanshi, nashi ya yi wata juyawa da ni kaina ban san tana cikin wasan ba, ya kakkaɓo ni daga sama. Na yi kamar zan kai sama in kai ƙasa, wayon da ke kama Mansur kullum, dattijon ko a jikinshi. Ina kallo jinina ya tsiyaye. Sau biyu a jere.

Can wani ya ce, "Akawu!" Sai kowa ya ɗauka, "Akawu! Akawu!" Dattijon ya yi murmushi ya sauke hannun rigarshi. Ni kuwa ina zaune baki buɗe, na duba hannuna na juya shi, wai ko waya ce ta tsinke. Lafiyarshi lau.

Daga ranar, duk kasuwa sai Mansur ya kawo shi, domin shi ke cewa a kawo shi. Ya zauna a bakin benci kusa da ƙofa, a ɗora mashi hannu, ya share mu. Ko zaɓen ɗan wasa ba ya yi, duk wanda yatsanshi ya faɗa a kai da shi zai yi. Jefi-jefi wani ya yi sa'a ya ci shi zagaye ɗaya, amma zama dai nashi ne. Ni kuwa kullum sai na ƙara zafi, kullum sai a ƙara ci na.

Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'ar nan, kuma ba dattijon ne ya cuce ni ba, masu koyi da shi ne. Gari ya ɗauka cewa ƙwarewa ƙarya ce, danne-danne ne gaskiya. Kowa ya zo sai ya kwantar da hannu a gwiwa ya hau duka. Su kuma ba su da laushin yatsan Akawu, da ƙarfi suke yi. Na ga mahaucin da ke dannawa da dunƙulen hannu. Na ga wanda ya zo da cokali a aljihu yana gurza madannai da bayanshi. Robar da ke shekara ba ta yage ba ta koma sati biyu. Kullum da safe kafin in buɗe, hannuwa huɗu ko biyar ne a kwance gabana, cikinsu a waje. Na manna takarda mai ƙyalli har ta rasa inda za ta kama. Na je Kano neman roba, na dawo da wadda ba ta kai kasuwa biyu ba.

Ƙwararrun 'yan wasana kuma suka janye. Wa zai yi wata biyu yana koyon haɗi, mai cokali ya zo ya kayar da shi? Suka koma gidan kallon ƙwallo. Mansur da kanshi ya ce mani, "Lawal, ashe duk shekarun nan kanmu muka yaudara." Ana cikin haka wuta ta zo da ƙarfi wata safiya ta ƙona mani na'ura ɗaya, hayaƙi har waje. Saura ɗaya, da hannuwa biyu masu rai. Maƙwabcina mai sayar da hatsi ya kai ƙarar ihu wurin mai unguwa, aka kira ni aka ja mani kunne. Na fara tambayar yadda ake samun babur na acaba.

Kafin in rufe, na ce bari in je in ga ubangidana. Lokacin Ɗanlami ya bar gyaran rediyo ya koma noma a Kunduru. Na same shi da hantsi a gonar gyaɗa, ya jingina fartanya muka zauna gindin wata bishiyar bedi. Na kwashe labari na faɗa mashi. Ya yi dariya har da tari.

"In yana duka, kai mi kake yi?"

"Ramawa nake yi, Oga."

"Da mi?"

"Da haɗina."

"Haɗin nan naka, kafin ya fita ba sai ka ja hannu baya ba? To a wannan ɗan tsakanin shi ya danna sau uku. Ko makaho ne zai same ka." Ya ɗebi ƙasa ya watsar. "Kuma kana yi mashi wayo. Wayo mai tunani yake kamawa, Lawal. Ka yi kamar za ka sama don ya tare sama, shi da bai san akwai sama ba? Wa kake yaudara?"

Sai ya ƙara jefo mani tambaya.

"Ranar da na fara ba ka wasa, mi na fara nuna maka?"

"Tarewa."

"Ka yi ta kwana nawa?"

"Ban daɗe ba. Na ga kamar ta matsorata ce."

"To ita za ka koma."

A ƙasa ya zana mani da tsinke. Ka tsaya inda hannunshi ba ya kaiwa amma ƙafarka tana kaiwa. Ka bar shi ya yi ta dukan iska. Duk duka yana da ƙarshe, in ya kai ƙarshen sai jikinshi ya buɗe na ɗan lokaci, nan za ka sa mashi shuri ɗaya mai sauƙi, ɗaya tak, ka ja baya. In ya matso ya manne maka, ka tare, ka tare, in ya tsagaita ka kama shi ka yar. Ka yawaita sharar ƙafa, domin mai danne-danne ba ya tare ƙasa. Kada ka yi tsalle, kada ka yi ado. In jininka ya fi nashi, ba dole sai ka kashe shi ba, agogo na tafiya, bari lokaci ya ƙare.

"Za su ce ka ji tsoro," in ji shi yana ɗaukar fartanya. "Bari su ce. Ka gaida mutanen Kankia."

Aikin da na yi na sati uku bayan nan ya fi koyon haɗi wuya. Na roƙi Mansur ya riƙa biyowa da safe kafin fasinja su yi yawa, ya kwantar da hannu a gwiwa ya yi mani irin ta kawunshi. Na hana kaina komai sai tarewa da shuri ɗaya da sharar ƙafa. Yatsana ya saba da gaggawa, da na ga ƙofa sai ya zabura zai fara haɗi, sai a make ni. Sai da na ciro madannai biyu daga hannuna gaba ɗaya na ajiye a gwangwani, don ko na so ba su nan. A sati na uku Mansur ya yi zagaye goma bai ci ɗaya ba. Ya ajiye hannu ya dube ni.

"Wannan ai ba faɗa ba ne, Lawal."

"Ci ne ko ba ci ba?"

"Ci ne. Amma wallahi ba daɗin kallo."

Ranar kasuwar da ta biyo, shago ya cika har taga, domin Mansur ya baza labari a tasha. Baba Akawu ya tashi mutum uku, sannan na zauna. Aka fara, ƙas-ƙas-ƙas ta tashi, ni kuma na ja baya. Nashi ya yi ta naushin iska yana tsalle-tsalle. Ya ƙare, na sa shuri ɗaya na koma. Ya taho, na tare, na tare, na kama shi na yar. Ya tashi, na share mashi ƙafa.

"Tsoro!" wani ya yi ihu daga taga. "Mai gida, ka fito ka yi faɗa mana!"

Ban kula ba. Gumi na bin bayana, yatsana na ƙaiƙayi, na danne shi. Lokaci ya ƙare jinina ya fi nashi. Zagaye na biyu ko rabin jinina bai taɓa ba. Aka ce a sake, aka sake, haka. Aka sake na uku, haka. Ba wanda ya yi tafi. Mai cokali na tsaye a baya, na ga ya mayar da shi aljihu.

Yatsun dattijon suka tsaya.

"An gama?" in ji shi.

"An gama, Baba."

"Ban ji an kira sunana ba."

"Lawal ne ya ci, Kawu," in ji Mansur a hankali.

Ya gyaɗa kai. "Madalla. To ɗana, tunda yau an ci ni, bari in yi tambayar da na daɗe ina jin nauyin yi." Ya nuna talabijin da haɓa. "A cikin biyun nan da ke motsi, wanne ne nawa?"

Na ɗauka wasa yake yi. Na dubi fuskarshi, ba wasa a ciki.

"Baba, ba ka san naka ba?"

"Ina zan sani? Ni abin da nake gani kamar an zuba koko a gilashi, wani abu ja da wani abu fari suna wulgawa. In na ji an fara kiɗa sai in fara aiki. In na ji kun ce Akawu, na san na ci."

"Inna lillahi," in ji tela. Mansur ya dafe kai da hannu biyu ya zauna a ƙasa. Ya san idon kawun nashi ya yi rauni, amma bai san ya kai haka ba, domin dattijon ya ɓoye ma kowa, har mutanen gidanshi. Ya haddace hanyar masallaci da ta kasuwa da ƙafa, yana gane mutane da murya.

"Shekara talatin ban taɓa kallon yatsuna ba in ina aiki," ya ce. "Takardar da nake kwafa nake kallo. Da ido ya tafi, sai hannun ya rasa abin yi. Ranar da yaron nan ya ɗora mani abin nan a cinya, na ji madannai a ƙarƙashin yatsa, sai na ji kamar na koma ofis. Ku yi haƙuri in na ɓata maku wasa."

Kusan shekara guda, ni da nake cewa ba kamata daga Kankia har Kusada, mutumin da ba ya ganin talabijin ne ke tashi na daga benci a cikin shagona.

Daga wannan satin gida ya fara dawowa. Masu danne-danne suka ga abin yana da magani, domin duk wanda ya zo da shi sai in zauna in yi mashi shuri ɗaya-ɗaya har ya gaji ya tambayi yadda ake yi. Ƙwararru suka dawo suna neman in nuna masu tarewa. Har yau duk wanda ya zo koyo wurina, sati guda yake yi ba ya kai duka. Roba ta koma tana daɗewa.

Bayan an yi girbi, Mansur ya ji ana aikin ido a Katsina, ya ɗauki kawunshi ya kai shi. Aka ce yanar ido ce ta rufe mashi gani, aka cire. Da ya warke, wata ranar kasuwa da la'asar sai ga shi ya shigo da ƙafarshi, ba mai riƙe da shi, da tabarau a fuska. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana haɗa murya da fuska. Ya ce da ni, "Ashe kai gajere ne." Aka yi dariya, aka ba shi wurinshi, na ɗora mashi hannu a gwiwa. Na ɗauki ɗan wasan da nake ɗauka kullum, wani tsoho mai farin gemu da furfura har kafaɗa. Shi kuma yatsanshi ya faɗa kan wani ƙaton saurayi mai damtse.

"Na dama ne naka, Baba," na ce.

Aka fara. Na bar shi ya matso don ya ga aikinshi. Ƙas-ƙas-ƙas, saurayin ya shaƙi tsohon ya zabga mashi naushi uku a fuska, ya ɗaga shi ya buga da ƙasa, ya bi shi da shuri a ciki. Sai ƙarar ta yanke. Baba Akawu ya matsa kusa da talabijin, ya gyara tabarau.

"Wannan na ƙasa, wane ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Kullum da shi kake yi?"

"Kullum."

"Subhanallahi." Ya ɗaga hannuwanshi daga madannan kamar sun ƙona shi. Ya juyo ya dube mu duka. "Shekara guda ina dukan sa'an mahaifina a tsakiyar kasuwa, kuna tsaye kuna kiran sunana? Ba wanda ya ce mani in ji tsoron Allah? Mansur, har da kai?"

"Kawu, ai zane ne, ba mutum ba ne."

"Zane da gemu?"

Ya miƙe ya ajiye hannun a benci a hankali, ya kaɗe rigarshi. Muka yi ta ba shi baki, ya ce shi ya gama, kuma bai ƙara taɓawa ba har Allah ya karɓi abinshi. Amma ranar, da ya kai bakin ƙofa ya sa takalmi, sai ya tsaya ya juyo. Tsohon nawa ya tashi yana tsaye a talabijin yana jira. Baba Akawu ya ɗan rusuna, ya dafa ƙirji.

"Baba," ya ce, "a yi haƙuri. Wallahi ban gan ka ba."